Ta Ce Wurin Ya Yi Fari

Shekara shida na yi a kan teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibitin fata, ni da waya, da littafin saƙonni, da wata fanka mai ƙara kamar tana faɗa da wani. Aikina shi ne in ce sannu da zuwa, in miƙa fom, in ɗaga waya. Ɗakin da ke bayana na Sista ne, kuma labarinta nake son bayarwa, duk da na san idan ta ji na yi, sai na yi kwana uku ina gaishe ta tana amsawa da hanci.

Kafin ta zo wurinmu, shekara goma sha tara ta yi a ɗakin tiyata na babban asibiti, tana tsaye tun safe har la'asar tana miƙa wa likitoci almakashi, har jijiyoyin ƙafafunta suka fito ruɗu-ruɗu. 'Ya'yanta uku duk sun tasa. Mijinta tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye tuƙi ya koma kiwon tattabaru a bayan gida, kuma ita da tattabarun nan ba sa ga maciji saboda shanyarta. Da tsayuwa ta gagare ta, sai ta koma karatu da furfurarta, ta yi kwas na allurar ciko. Wani abu ne mai yauƙi, garau kamar ruwa, da ake turawa ƙarƙashin fata don a cike wurin da ya loɓa, ko layin da shekaru suka zana a fuska. 'Yan mata kan ce masa fila.

Ban taɓa ganin mutum mai nawa a kan aiki irin Sista ba. Abin da wasu ke yi a minti goma, ita sai ta ci awa guda. Sai ta tambaye ki abin da aka taɓa zuba miki a fuska, da inda aka yi, da wanda ya yi. In kika ce ba ki san sunan abin ba, a ɗakin wata mai kitso aka yi miki, to ki ɗauki jakarki kawai, ba za ta taɓa ki ba sai likita ya duba. Ta buɗe kwalin a gabanki, ta nuna miki ranar lalacewarsa, ta ɓare lambar ta manna a fayil ɗinki. Cikon da ba a iya narkar da shi in an samu matsala kuwa, ko kusa da ɗakinta ba ya zuwa. Tana da wani jan akwati na maganin narkarwa da kayan gaggawa, duk Litinin sai ta zazzage shi ta duba ɗaya bayan ɗaya, alhali tun da na fara aiki ban taɓa ganin an yi amfani da shi ba. Ni har zolayarta nake yi, in ce Sista yau ma an gaida jariri? Sai ta harare ni ta saman tabarau.

Mata kan ce mata, "Sista, ke fa? Ga naki layukan nan kin bar su."

Sai ta ce, "Ni da nawa mun saba. Kwanta ki daina motsa baki."

Ranar da abin ya faru Talata ce. Ta farko a layi wata malamar makaranta ce, mai kimanin shekara arba'in da biyar, baƙa kyakkyawa, irin mutanen nan da sai sun ba ki haƙuri kafin su roƙe ki ruwan sha. Layukan da suka sauko daga gefen hancinta zuwa baki ne suka yi zurfi. Ta ce ɗalibai na yawan tambayarta ko ta yi fushi, alhali ita ranta fes. Shekara biyu tana wucewa ta ƙofarmu kafin ta iya shigowa. Da ta gama cike fom, sai ta sunkuyo ta rage murya.

"Don Allah, ƙanwata, ko da wasa kar a kira gida. Ba wanda ya san na zo."

Na ce ta kwantar da hankalinta, mu nan bakinmu a ɗinke yake.

An yi allura lafiya. Sista ta zaunar da ita rabin awa kamar yadda ta saba, ta danna nan ta danna can, ta ga komai daidai, ta karanta mata takardar gargaɗi ta miƙa mata, ta sallame ta wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Malama ta sa takunkumi ta rufe hanci da baki, ta ce tana da tsaron jarrabawa da rana.

Ƙarfe ɗaya saura kwata waya ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Don Allah ki yi haƙuri na dame ki. Ni ce wadda aka yi wa allura ɗazu."

"A'a, Malama! Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Dama na duba madubi ne, sai na ga wurin ya yi fari."

A nan sai an fahimci teburin da nake zaune a kai. Rabin matan da ke shigo mana fari suke nema. Ko likita ya yi faɗa ya gaji, gobe ma wata za ta zo ta tambaye ni a asirce ko akwai mai ko allurar da za ta ɗan yi haske. A rana sai in ji kalmar nan sau goma, kuma kullum a bakin mai buri ko mai murna. Kunnena ya riga ya ajiye ta a wuri ɗaya. Don haka na ƙyalƙyale da dariya.

"Ma sha Allah! Tun yanzu? To kin ga hannun Sista ke nan. Nan da sati ai sai an tambaya kafin a gane ki."

Sai ta ce, "To, shi ke nan. Na gode. A gaida Sista."

Na jawo littafi na rubuta: Malama ta kira, ta gode, ta ce har ta yi fari. Na ma ji daɗin zan kai wa Sista labari mai daɗi.

Sista na ciki da masu wankin ciwo, ba ta fito ba sai uku saura. Ta ɗauki littafin saƙonni tana karantawa a tsaye, kofin shayi a ɗaya hannun. Na ga idonta ya tsaya. Ta ajiye kofin a kan fayilolin mutane, abin da in ni na yi sai ta kusa cinye ni.

"Me ya yi fari?"

"Fuskarta mana."

"Fuskar ta ce, ko wurin? Ki tuna da kyau."

Na ce, "Wurin ta ce."

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya saura."

Ta kalli agogon bango, ni ma na kalla. Ba ta yi mini tsawa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Ciko ba man shafawa ba ne, ba ya sa mutum haske. Fata tana yin fari ne idan jini ya daina zuwa mata. Kira ta."

Na danna lambar. A kashe. Na sake, a kashe. Ina bugawa Sista na yi mini bayani a gajarce, tana jawo jan akwatin nan. Akwai jijiyar jini da ke bi ta gefen hanci, ita ke ciyar da fiffiken hanci da leɓen sama. Wani lokaci ciko kan shiga cikinta ko ya danne ta, ko da mai allurar ta bi duk ƙa'ida, kuma ba lallai a gani nan take ba. In aka narkar da shi da wuri, jini ya dawo. In aka bari awoyi suka yi ta tafiya, fatar wurin ta mutu, ta yi baƙi, ta zube, a bar mutum da rami a tsakiyar fuska. An riga an ci awa huɗu da yin allurar, biyu daga ciki a littafina suka kwanta.

Ta kira likita, wanda ke babban asibiti har la'asar. Na ji tana cewa, "Eh, gefen hanci. Zan fara duk inda na same ta, ka same mu a nan." Ta juyo gare ni. "Wace makaranta take koyarwa?"

Na buɗe fom. A wurin aiki ta rubuta koyarwa, ba ta sa sunan makaranta ba. Adireshin gida kaɗai muke da shi, gidan da aka roƙe ni ko kira kar a yi.

"Rufe teburin. Ɗauko fitilar hannu. Ke kika ji muryarta, tare za mu tafi."

Mun tari tasi a bakin titi. Sista ta rungume akwatin a cinya, ni kuma ina ta buga lambar da na san a kashe take. Wajen shataletale wata motar kaya ta mutu a tsakiyar hanya, motoci suka cushe, kowa na danna ham kamar shi zai ɗaga ta. Direban ya fara ba mu labarin yadda gari ya lalace, Sista ta ce, "Malam direba, ka yi wa Allah ka nemo mana lungu. Mara lafiya ke jiranmu." Ya kalle ta ta madubi, ya haɗiye sauran labarinsa, ya kutsa ta bayan wasu shagunan walda. Ni dai ina zaune ina maimaita dariyar da na yi a waya.

Gidan a hawa na biyu yake, matakala duk kekunan yara. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa, carbi a hannu, kamarsu ɗaya da Malama har layukan fuska. Na yi tsuru-tsuru, don na san Sista ba ta ƙarya, kuma ba ta tona asirin mara lafiya.

Ta russuna ta gaishe ta. "Inna, ni ma'aikaciyar jinya ce. 'Yarki ta zo wurinmu da safe, akwai wani abu namu da ta tafi da shi, kuma dole mu karɓe shi yau. Wayarta a kashe. Wace makaranta ce?"

"Lafiya dai, 'yar nan? Ita ba ta ɗaukar kayan mutane."

"Ba ɗauka ta yi ba, Inna, mu muka ba ta. Kuskuren namu ne."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon jan akwatin. Sannan ta kwatanta mana makarantar, bayan gidan mai na biyu, mai koren ƙofa. Muna sauka tana kiranmu daga sama, "Ku ce ta kira ni!"

Uku da rabi ta wuce muka isa. Mai gadi ya ce ana jarrabawa, ko uban ɗalibi ba ya shiga. Sista ta ɗaga katin aikinta dab da hancinsa, ta ce ya kira shugabar makaranta ko ya matsa, ɗaya za a yi cikin biyu kuma yanzu. Ya matsa. Muka bi baranda muna leƙa tagogi, aji bayan aji, yara sun duƙufa a kan takardu. A aji na huɗu na hango ta tsaye a jikin allo, da takunkumi, ta manna robar ruwan sanyi a kumatunta na hagu. Da ta gan mu, robar ta kusa suɓuce mata.

Shugabar ta turo wani malami ya karɓi ajin, ta buɗe mana ɗan ɗakin da ake kwantar da yara marasa lafiya, mai gado ɗaya da tsohon sikeli. Sista ta rufe ƙofa, ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta cire wa Malama takunkumi a hankali.

Wannan ba farin da kowa ke nema ba ne. Gefen hancinta ya yi toka-toka kamar an goga alli, daga nan zuwa leɓe kuma wani irin zane ya fito, ja-ja, shuɗi-shuɗi, kamar raga.

"Yana ciwo?"

"Da sauƙi."

"Malama, ba gaisuwa nake yi ba. Yana ciwo?"

Sai hawaye suka zubo mata. "Kamar ana ɗora mini garwashi."

"Idonki fa? Kina gani daidai? Rufe na dama. Yatsu nawa?"

"Uku."

Sista ta sauke numfashi. Ta karɓe robar ruwan sanyin ta ajiye can gefe, ta ce sanyi na ƙara matse jijiya, ɗumi ake so. Ta sa na haska fitila. A baƙar fata abin ba ya nuna kansa da sauƙi, sai ta juya leɓen ta duba ta ciki.

"Zan danna in saki. Ki ƙirga har sai jan ya dawo."

Ta danna ɓangaren dama mai lafiya. Ɗaya, biyu, ya dawo. Ta danna na hagu. Na ƙirga har bakwai, wurin yana nan yadda yake.

Ta jawo kujera ta zauna dab da ita, ido cikin ido.

"Ki saurare ni. Abin da na sa miki ya tare hanyar jini. Zan narkar da shi duka, yanzu, a nan. Allurai ne da yawa, kuma za ki ji zafi. Gyaran da kika zo nema zai tafi tare da shi."

"Ya tafi. Sista, hancina fa?"

"Ban sani ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba zan bar ki ba sai na ga jini."

Matar da ke cin awa guda a kan allura ɗaya, ranar na ga saurinta. Ta haɗa magani, ta bi duk inda zanen ya bi tana sokawa tana turawa, daga gindin hanci har leɓe, sannan ta dinga murza wurin da ƙarfi da babban yatsa. Malama ta riƙe hannuna har farcenta ya shige mini, gani nake ma ya yi mini kaɗan. Aka kawo ruwan zafi a butar shayin malamai, muka jiƙa tawul muka ɗora. Bayan ɗan lokaci Sista ta sake dannawa. Na ƙirga shida. Ta rufe akwati ta ce mu tafi.

Likita na tsaye a ƙofar asibitinmu muka iso. Ya duba, ya ba ta ƙwayar da ke sa jini gudu, ya ce a maimaita narkarwar. Aka maimaita. Aka jira, aka danna, na ƙirga biyar. Duk masu layin yamma na ba su haƙuri na sallame su, ɗaya har ta zage ni, na ce na gode. Sista ba ta zauna ba, ƙafafun nan nata sun kumbura sun cika takalmi. A zagaye na uku, rana ta yi ja a tagar ɗakin, ta juya leɓen ta danna ta saki.

"Ɗaya, biyu, uk..."

"Sake."

Ta sake dannawa. Kafin in kai uku jan ya biyo yatsanta. Zanen ragar ya fara bajewa daga ƙasa. Likita ya ce alhamdu lillahi a fili. Sista kuwa ba leɓen take kallo ba. A can lungun fiffiken hanci akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar wake ba, da ya ƙi canzawa duk yadda ta murza shi.

Ta ce dole wani ya san halin da ake ciki a gida, don a sa mata ido. Malama ta kunna waya da kanta ta kira mijinta. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga ta share hawaye ta ce, "A'a, ka taho kawai."

Kwana goma tana zuwa kullum da safe. Leɓe ya warke sarai, kumatu ma haka. Ɗan wurin nan ne ya yi baƙi, ya yi ɓawo, ya faɗi, ya bar ɗan rami mai sheƙi a gefen hanci. Likita ya ce da an ƙara wasu awoyi da wani zancen ake yi, ya kuma ce ba wanda zai iya rantsewa cewa da an zo da wuri da ba a samu tabon ba. Na riƙe rabin maganarsa na biyu kamar igiya, amma ba ta ɗauke ni ba.

Na ɗauka korata za a yi. Sista ta rubuta rahoto shafi biyu, ta ba ni in buga. A ciki ta ce ita ta yi allurar, ita ce kuma ta karanta wa mara lafiya alamomin haɗari amma ba ta taɓa karanta wa mai ɗaga waya ba, shekara shida. Na kai nan na kasa ci gaba da bugawa. Na shiga ɗakinta na ce ba haka aka yi ba, ni ce na yi dariya.

"Ke kin yi naki, ni na yi nawa. Nawa na rubuta. Zauna."

Ta zaunar da ni ta koya mini abin da zan tambayi duk wadda ta kira bayan allura: wane wuri, wane launi, yana ciwo ko ba ya yi, idonta lafiya. Ta ce in na ji kalmar fari, ko toka, ko zane, ko zafi, ko tana tsakiyar salla ce in tsaya a bayanta har ta sallame.

Ranar zuwan Malama na ƙarshe, Sista na ciki da wata, sai ta zauna a kujerar da ke gaban teburina. Ba takunkumi. Idona ya ƙi barin ɗan ramin nan. Na yi ta juya biro, can dai na ce mata ni ce na riƙe saƙonta awa biyu, ban gane abin da take nufi ba, ta yafe mini.

Ta ce, "Haba ƙanwata, ai ya wuce. Allah ya riga ya rubuta."

Na ce duk da haka.

Ta ɗan taɓa gefen hancinta da yatsa, ta yi murmushi irin nata na ba da haƙuri.

"Ni fa ba godiya na kira yi ba. Takardar Sista na karanta, tsoro ya kama ni, har na ɗauki jakata zan dawo. To da na ji kin yi dariya kin ce ma sha Allah, sai na ji kunya in ce miki yana zafi. Na ce kar in zama baƙauya."

Ƙofar ɗakin ta buɗe, Sista ta leƙo ta ce, "Malama, bismilla." Ta tashi, ta ba ni haƙuri don jakarta ta ɗan ture mini littafi, ta shiga.